Yatsu Uku da Kujerar Makka

Da hannun hagu nake rubuta wannan, kuma ba bahago aka haife ni ba. Na dama yana nan a kan cinyata, babban yatsa da ɗan ƙarami kaɗai suka rage masa, sai dungulmi mai sheƙi a tsakaninsu da yake yi mini ƙaiƙayi duk lokacin da hadari ya haɗo. Sauran ukun a Birnin Kudu na baro su, a wani kamfanin kwano da yanzu ko tubalinsa ba a gani. Idan jikokina suka dame ni da tambaya nakan ce musu kada ne ya cinye. Ba ƙarya nake yi musu ba, haka muke kiran injin.

Ni mutumin Dingaya ne, ta ƙasar Gwaram. Gero da dawa na tashi na tarar ana nomawa a gidanmu, da 'yan shanun da ba su kai a kira su garke ba. Lokacin da kuɗin man fetur ya shigo ƙasar nan, wani hauka ya kama mutane na rufin kwano. Magidanci zai sayar da sansa na huɗa ya yaye jinka ya buga kwano, ya shiga ciki yana gasuwa kamar gyaɗa, shi dai a hango gidansa yana ƙyalli daga bakin hanya. A cikin wannan hauka ne wani Alhaji ɗan kwangila ya sayo tsofaffin injuna a hannun wani Kwara a Kano, ya kafa ƙatuwar rumfa a bakin titi a Birnin Kudu, ya girka janareto a bayanta. Ana yin kwanon rufi, da bokiti, da akwatin ƙarfe na amare, da kwatarniyar shayar da dabbobi. Ina jin labari na ajiye fartanya na hau mota.

Shara na fara yi da ɗaukar kaya. Wani dattijo da ya daɗe yana aikin ƙarfe a Kano, shi ne kuma yake ba mu salla a gindin tsamiyar da ke ƙofar kamfanin, ya ga ba ni da ƙyuya ya ja ni jikinsa ya koya mini kada. Injin yanka ne, doguwar wuƙa ce a kwance da ta fi tsawon mutum. Kana tura mata fallen ƙarfe da hannu biyu har ya kai alama, ka janye hannunka, ka taka feda da ƙafa, ta sauko ta datse shi ta koma sama. A gabanta akwai ragar ƙarfe da ke hana yatsu wucewa. Ranar farko dattijon ya gaya mini dokar wurin, ya sa na maimaita a gabansa kamar mai koyon karatu: mai hannu shi ne mai ƙafa. Wanda hannunsa ke kan falle, shi kaɗai ke taka feda. Ko mai kamfani ne ya zo, ba ya taka wa wani.

Na so aikin nan, ba zan ɓoye ba. Ina son ƙarar saukar wuƙar da yadda gefen ƙarfen ke fitowa fes, da warin baƙin mai a rigata. In na je gida ran Juma'a samarin Dingaya kan kewaye ni suna tambaya ko gaske ne ƙarfe na yankuwa kamar takarda, ni kuwa in gyara zama in ƙara gishiri.

Helmanmu, wato mai kula da mu ma'aikata, mutumin Sundimina ne. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Dogo ne, mai tsafta, ba ka taɓa ganin ɗigon mai a rigarsa, shi yake ɗauka aiki shi yake kora. Ba ya kiran sunan kowa, ni ɗan Gwaram yake ce mini. Ba mugu ba ne irin mai duka ko zagi. Ciwonsa ɗaya ne, yana son mai kamfani ya gan shi yana aiki, kuma wannan ciwon ya fi mugunta ɓarna.

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare, aka shiga gina azuzuwa a kowane ƙauye, mai kamfani ya samo kwangilar rufi da ta fi ƙarfinmu. Motoci na layi a waje, direbobi na zaginmu. Abin da helma ya fara yi shi ne kwance ragar nan, wai tana rage sauri, ya jingine ta a bango. Dattijo ya yi magana ƙasa-ƙasa, helma ya ce in ya gaji ne ya faɗa a nemo wani. Daga nan kuma ya ɓullo da wata dabara: ni in riƙa turawa, shi ya tsaya a gefe yana takawa, ta haka ba sai na ɗaga ƙafa ba. Na gaya masa dokar. Ya yi dariya ya ce shi yana aikin ƙarfe tun ina kiwon awaki.

Da hantsi ne abin ya faru. Wani falle ya karkace, na zura hannun dama in daidaita shi. Daidai nan Marsandin mai kamfani ta shigo harabar. Ina ganin helma da idona ya juya kansa wajen ƙofa, ya ɗaga hannu biyu yana jinjina yana faɗin ranka ya daɗe, ƙafarsa kuwa ta ci gaba da aikin da ta saba. Ban ji zafi ba da farko. Na dai ga abubuwa uku a bayan wuƙa a kan tarin gutsattsarin ƙarfe, na tsaya ina kallonsu ina mamakin na wane ne.

A bayan motar ɗaukar kwano aka kai ni asibiti. Ina kwance a can labari ya iso mini ta bakin masu zuwa dubiya cewa helma ya gaya wa mai kamfani gyangyaɗi na yi, na taka feda da kaina hannuna na ciki. Kafin mai kamfani ya gama fitowa daga mota har an mayar da ragar wurinta an ɗaure. Mutum nawa ne suka gani? Duk wanda ke cikin rumfar nan ya gani. Amma kowa na da bakin da yake ciyarwa a gida, kuma helma ne mai kora. Dattijon ma da ya zo duba ni, kansa a ƙasa ya zauna, ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ta riga fata, a bar kaza cikin gashinta.

Zancen gyangyaɗin nan shi ne ya fi wuƙar yi mini illa, don ya faɗa a inda zai zauna. Tun ina yaro an san ni da nauyin barci. Na taɓa yin barci a wurin kiwo shanu suka shiga gonar maƙwabci, har na girma ana yi mini tsiya da shi. Da aka sallame ni na tafi Dingaya, na tarar labarin ya riga ni isa. Inna ta dubi hannun da ke naɗe sau ɗaya ta kawar da kai. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma yarda a ga tana tausayina a gaban mutane. Tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Kai wannan, ai na sha gaya maka barcin nan naka wata rana sai ya ci ka.”

Na rantse mata ba haka aka yi ba. Ta ce babba ba ya ƙarya, in daina ɗora wa mutane laifina. Ƙanwata ce ta gaya mini daga baya cewa Inna takan shiga bayan rumbu ta yi kuka. Kukan yaronta mai barci take yi, ba na yaron da aka zalunta ba, kuma wannan bambancin ya tsaya mini a rai.

Noma ya gagare ni, fartanya ba ta zama a yatsu biyu. A mota in na miƙa kuɗi sai in ga kwandasta ya ja baya, yana tsammanin kuturu ne. Tuwo da cokali na koma ci, kamar ɗan boko, domin ba zan sa hagu a kwanon da ake ci da ni ba. Da ciwon ya warke na koma kamfanin, mai kamfani ya ce saboda Allah zai mayar da ni, amma in daina barci a kan aiki. Na ce to, ranka ya daɗe. Na koma kan kada na koyi turawa da hagu, ina tallafawa da dungulmin. Helma na wucewa ta bayana kullum, ya ce ɗan Gwaram ya jiki, in ce da sauƙi. Na tsane shi tsanar da ban taɓa sanin zuciyata na da wurin ajiye irinta ba.

Allah ya taɓa kawo mini shi har gida. Wata rana wani guntun ƙarfe ya maƙale a ƙarƙashin wuƙa, mai kamfani na tsaye a ƙofa, helma ya ture ni gefe don a ga shi ne mai gyara. Ya ɗaga raga ya zura hannunsa har wuyan hannu, inji na kunne, feda kuma tana gaban babban yatsan ƙafata. Na dubi hannun nan mai tsafta, da farcensa a yanke. An ce rama cuta ga macuci ibada ne, kuma babu wanda zai ce ban yi kuskure ba, tunda an riga an san ni da gyangyaɗi. Na janye ƙafata. Kada wani ya ce tausayi ne. Lissafi na yi: in na taka, an yi kunnen doki, shi ya zama abin tausayi, ni kuma na tabbata mai barci har abada. Ba yatsunsa nake so ba, me zan yi da su? Bakinsa nake so ya buɗe ya faɗi ƙafar wa ta taka.

Na jira. Kwangila ta ƙare, mai kamfani ya samu abin da ya samu, ya ce zai saka wa helma da kujerar Makka saboda ƙoƙarinsa. A shekarun nan jirgi ya sa hajji ya zama kamar zuwa kasuwa, amma al'ada ba ta canza ba. Maniyyaci ba ya tafiya sai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya ya nemi gafara, domin kowa ya sani aikin hajji na wanke abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma hakkin wani yana nan sai mai shi ya yafe. Kuma ba a taɓa jin wanda ya hana ba. Kafin mai roƙo ya rufe baki an ce masa ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya, a sa mu a addu'a. Ranar da na ji labarin kujerar nan na ci tuwo har da ƙari.

Bayan sallar azahar helma ya yi nasa neman gafarar, a gindin tsamiya, mai kamfani na zaune a kan darduma. Ya bi sahu yana ba kowa hannu. Da ya iso kaina ya ɗan yi turus, sannan ya miƙo. Na ba shi na dama, na kuma riƙe nasa da yatsuna biyu yadda tafinsa zai kwanta sosai a kan dungulmin.

Ya ce, “Ɗan Gwaram, zan tafi. Abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini.”

Na ce, “Wanda ba ka sani ba na yafe, helma. Wanda ka sani kuma, faɗe shi mu ji.”

Ya yi murmushi ya ce ai zaman tare ya gaji saɓani. Na ce ba saɓani na tambaya ba, a faɗi abin da sunansa a gaban waɗanda aka yi wa bayaninsa na farko, in yafe nan take kowa ya shaida. Ya dubi mai kamfani, ya dubi ƙasa. Tafin hannunsa ya jiƙe da gumi a cikin nawa. Ya ce shi bai san abin da nake nufi ba. Na sake shi na ce to ban yafe ba, Allah ya kiyaye hanya.

Ranar na ga yadda mutane ke tsoron kalma. Waɗanda suka ga an datse mini hannu ba su ce uffan ba, su ne suka taso mini da salati, wai na yi abin da ba a yi. Dattijo ya ja ni gefe ya karanto mini falalar afuwa. Na saurare shi har ya gama saboda shi ya koya mini sana'a, sannan na tambaye shi falalar shaidar gaskiya, ya juya ya koma rumfa. Mai kamfani ya ce ni mai baƙar zuciya ne, amma bai kore ni ba, bai kuma tambayi komai ba. Ina jin ba ya son ya sani.

Ana saura kwanaki maniyyata su tashi, helma ya biyo ni har Dingaya ran Juma'a da yamma, a kan babur, da ƙwaryar goro. Bai shiga gida ba. Ya sa aka kira ni muka tsaya a bayan gari kusa da gonar gero, inda ba mai jinmu. A nan ya sauke girman kai. Ya ce tun ranar tsamiya bai yi barcin kirki ba, yana tsoron ya tsaya a Arfa da kayan wani a wuyansa.

Ya ce, “Ka sani, na sani, Allah ya sani. Wannan bai isa ba?”

Na ce, “Inna ba ta sani ba. Ga gidanmu can, taku kaɗan ne. Shiga ka gaya mata, gobe kuma ka gaya wa mai kamfani.”

Ya tsaya yana kallon katangar gidanmu. Na ga ya ɗaga ƙafa kamar zai nufi gidan. Sai ya ce in magana ta fita daga nan za ta kai Birnin Kudu kafin shi, kuma mai kamfani zai karɓe kujerar, ga shi an riga an yi walima a Sundimina, da wane ido zai dubi mutane. Ya roƙe ni in bari ya dawo, in ya dawo zai faɗa. Na ce in ya dawo zan yafe. Ya ajiye goron a ƙasa ya hau babur ɗinsa. Na bar goron a wurin, awaki suka yi ta shinshinawa.

Ya je ya dawo da haƙorin Makka a baki, kowa na Alhaji, Alhaji. Ni helma na ci gaba da ce masa, kuma na lura duk lokacin da na faɗa sai kafaɗarsa ta motsa. Ya zo da tsaraba ya tara mu a gindin tsamiya: dabino, da ruwan zamzam a murfin kwalba, da zoben azurfa ga kowane ma'aikaci. Da alama jimla ya saya bai yi tunani ba. Yana bin layi yana sa wa kowa a yatsa ana amin, har ya zo kaina da zobe a hannu. Na miƙa masa na dama na ce ya sa mini. Ya tsaya yana nema. Babban yatsa ya yi masa kauri, ɗan ƙaramin kuma ya shanye ya lanƙwashe. Na bar hannun a miƙe, ban taimake shi ba, har zoben ya suɓuce ya faɗa cikin ƙasa. Na jira ya yi maganar da ya yi alkawari. Ya wuce na gaba.

Bai faɗa ba a wannan shekarar, bai faɗa ba a ta gaba. Duk Salla yakan aiko mini da cinyar rago, ina mayar masa da ita ta hannun ɗan aiken. Ya rame, ya rage faɗa, ya daina bi ta bayan kada. Ni kuwa kullum da safe sai na je har inda yake na gaishe shi na ba shi hannu, don kada ya manta. A cikin haka Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Har a kan tabarmar jinya, da ta ga ina gyangyaɗi a gefenta saboda gajiyar hanya, sai da ta ce wa ƙanwata a tashe shi kada ya faɗa wuta, shi ba ya jin magana. Da wannan ta tafi.

Da kuɗin man ya janye, kwangila ta ƙafe, aka rufe kamfanin aka sayar da injunan a kilo. Mai kamfani ya koma Kano, can ya rasu. Dattijo ma ya riga shi. Na kama 'yar rumfa a kasuwa ina facin bokiti da fitila. A nan aka zo aka gaya mini helma ya cika, za a yi jana'iza a Sundimina. Na rufe rumfa na tafi.

Da aka idar da salla liman ya juyo ya roƙi jama'a, duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe masa. Aka amsa gaba ɗaya, mun yafe. Na bar bakina a rufe. Na bi su maƙabarta, na taya zuba ƙasa da hannun dama, gwargwadon abin da yatsu biyu ke iya ɗiba. Muna fitowa babban ɗansa, magidanci ne mai 'ya'ya, ya tare ni ya durƙusa. Da hannun ya gane ni. Ya ce mahaifinsu ya tara su a ɗaki kafin ya rasu, ya gaya musu shi ya kwance raga, ƙafarsa ce ta taka, ban yi gyangyaɗi ba. Ya bar wasiyya a nemo ni a roƙe ni.

Shekara da shekaru ina jiran wannan magana, ga ta ta zo a bakin wanda bai ga komai ba, a gaban mutanen da ba su san ni ba. Na tambaye shi ko ya san hanyar Dingaya. Ya ce ya sani. Na ce in ya shiga garin ya tambayi maƙabarta, akwai wani kabari a gindin aduwa ta gabas, na Inna ne, ya durƙusa kamar yadda ya durƙusa mini ya maimaita mata abin da ya faɗa. In ta amsa, ya zo ya gaya mini, ni kuma in yafe.

Ya ɗago yana kallona, hawaye na zubo masa. Na ba shi hannu muka yi sallama, na nufi bakin titi neman mota.